Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumomin Ruwa da Masu Zana Taswirar Wuraren Tara Ruwan Sama

Zuwa ga shugabannin hukumomin albarkatun ruwa, da cibiyoyin da ke ba da tallafin raya karkara, da ƙwararrun da kuke ɗauka su zana muku taswirar wuraren da suka dace da tara ruwan sama.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a madadin mutanen da ayyukanku ke sauka a ƙofar gidajensu: manoman da gajeruwar damina ɗaya ke ciyar da su shekara guda, makiyayan da ke bin mashaya tun daga ƙarshen kaka har faɗuwar ruwa, da mata da yaran da jarka ba ta sauka daga kansu da rani. Ni tsohon malamin gona ne. Na shafe shekaru ina aikin alkinta ƙasa da ruwa a karkarar da ruwan sama ya yi wa ƙaranci, na ga tafkunan da suka rayu, na kuma ga waɗanda suka mutu tun fentin allon da aka rubuta sunan aikin a kai bai koɗe ba. Babu wanda ya naɗa ni wakili, amma abin da zan faɗa na sha jin sa daga bakin waɗannan mutane, su kuwa ba su da hanyar isar da shi teburinku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsarin da ke neman zama ruwan dare a wurinku, cewa ba za a saki kuɗin tafki ko madatsa ko wata ma'ajiyar ruwa ba sai a wurin da taswirar kwamfuta ta shafa wa launin kore, duk ƙauyen da ya faɗa cikin ja kuma sai ya jira wani zagayen. Kafin in shiga koke, ya kamata in ba ku haƙƙinku. Busassun yankuna sun kai kimanin kashi 41 cikin 100 na doron ƙasa, mazaunansu kuma sun haura mutum biliyan 2, saboda haka babu injiniyan da zai iya taka kowane kwari da ƙafa yana neman inda ruwa ke kwanciya. Na kuma ga zamanin da yatsan mai faɗa a ji ke zaɓen wurin tafki, a haƙa shi dab da gonarsa ko da ruwa bai taɓa bi ta can ba. Idan aka gwada da wannan, taswirar da aka gina a kan ma'auni ci gaba ce babba, kuma ba na cikin masu cewa a jefar da ita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙorafina shi ne an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, domin iyakar abin da take iya cewa shi ne "ku je ku duba nan", ku kuwa kun mai da maganar tata "ku haƙa nan".

Saboda masu karatun da ba su san yadda ake haɗa ta ba, ga shi a taƙaice. Ana jera bayanai a cikin kwamfuta kamar faifai kan faifai: gangarar ƙasa, yawan ruwan sama, irin ƙasa, abin da ya rufe ta, hanyoyin da ruwa ke bi, wani lokaci har da nisan wuri daga gari ko hanya. Kowane faifai a ba shi maki da nauyi, a tara, sai launi ya fito. Ke nan ingancin launin bai wuce ingancin faifan da aka jera ba, kuma a nan ne kokena na farko yake.

Mafi yawan waɗannan taswirori sun dogara ne da ma'aunin tudu da kwari wanda kumbon Endeavour na Amurka ya ɗauko da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, ko wasu ma'aunai na kyauta masu kama da shi. Kowane ɗigo a cikinsa fili ne mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30, wato murabba'in mita 900, kuma kuskuren tsayinsa na iya kai 'yan mitoci. A ƙasa mai duwatsu wannan kuskure ba ya ɓata lissafi sosai, domin kwari a bayyane yake. A shimfiɗaɗɗen fili kuwa, inda tudun da bai kai gwiwa ba ke raba ruwa gabas da yamma, yana iya sa kwamfuta ta zana ƙoramar da babu ita, ta kuma share wadda ke cika maƙil duk damina. Haka nan hanyar mota da aka ɗaga bayan an ɗauki ma'aunin, ko kwalbatin da aka kafa nesa da asalin magudana, suna karkatar da ruwan kwari guda, amma taswirar na nan tana nuna shi yana bin tsohuwar hanyarsa. Sakamakon shi ne tafki a bushe a gefe ɗaya na hanya, gidaje cikin ambaliya a ɗaya gefen.

Faifan ruwan sama ma haka yake. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ba da shawarar cewa mafi ƙaranci a samu ma'aunin ruwan sama ɗaya a kowane murabba'in kilomita 10,000 a busassun yankuna, kuma akwai wurare da yawa da ko wannan bai samu ba. Shi ya sa ake komawa ga ƙiyasin tauraron ɗan'adam irin su CHIRPS, wanda bayanansa suka faro daga 1981, kowane ɗigo nasa kuma ya kai kusan kilomita 5 ta kowane gefe. Aiki ne mai amfani, sai dai duk wanda ya zauna a irin wannan ƙasa ya san hadari na iya sauka a kan ƙauye ɗaya har bango ya faɗi, maƙwabtansu na hango shi ƙasarsu a bushe. Abin da ya fi wannan damuna shi ne dogaro da matsakaicin ruwan shekara. Milimita 400 da suka sauko a yayyafi talatin ƙasa ce za ta shanye su, ko ɗigo ba zai isa tafki ba, alhali milimita 400 ɗin nan da suka sauko a ruwa takwas kamar da bakin ƙwarya za su cika tafkin har su fasa shi. A faifan naku dukansu lamba ɗaya ce. Kuma shekarar da ake matuƙar buƙatar ma'ajiya ita ce shekarar fari, wadda matsakaicin lissafi ke ɓoyewa.

A kan ƙasa zan ɗan daɗe, domin a nan na ga asara da idona. Tsohuwar taswirar ƙasa ta duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, FAO ta abinci da noma da UNESCO, suka haɗa, santimita ɗaya a jikinta daidai yake da kilomita 50 a fili. Sababbin taswirorin da ake samu a intanet sun sauko zuwa ɗigon mita 250, amma su ma hasashe ne da aka gina a kan ramukan gwaji masu nisa da juna, kuma ba su wuce zurfin mita 2 ba, alhali tafkin da ake so ya kai rani yakan zarce wannan zurfi.

Na taɓa tsayawa a bakin wani tafki ranar da motar haƙa ta fara aiki. Wurin kore shar ne a taswira, ƙasar saman kuma laka ce mai kyau, ba wanda zai gan ta ya yi shakka. Da hantsi sai ga wata tsohuwa maginiyar tukwane, ta tsugunna inda motar ke zubar da ƙasa, ta ɗebi wadda ta fito daga can ƙasa, ta jiƙa ta da ruwan butarta, ta murza a tafin hannu tana neman ta yi mata igiya. Ƙasar ta wargaje. Ta sake ɗiba daga wani gefen, ita ma ta wargaje. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana, yumɓun nan bai wuce ƙugu ba, ƙarƙashinsa rairayi ne zalla. In kuka fasa shi, kwando kuka haƙa." Ta nuna mini da haɓa wani kwari a ɗaya gefen garin, inda ta shekara arba'in tana ɗibar yumɓu ba ta taɓa cin ƙarshensa ba, inda kuma ruwa ke kwanciya da kansa har shigowar sanyi. Na kai maganar gaba, aka ce da ni lambobin wurin suna cikin takardar kwangila, babu mai ikon gusar da su. Ruwan farko mai ƙarfi ya cika tafkin, yara suka yi iyo, aka ɗauki hotuna. Kafin mako uku taɓon gindinsa ya tsattsage, kuma haka ya ci gaba da yi duk shekara. Ni ma ina da nawa kason na laifin, domin da na haƙa ramin gwaji tun kafin motar ta iso, na cika shi da ruwa, na kafa kara na yi alama na dawo da safe, da ina da hujjar da ta fi maganar baki. Gwaji ne na yini biyu da mutum biyu da shebur, amma babu shi a cikin tsarin aikin, ni kuma ban nace ba.

Koke na gaba ya shafi lissafin da ke cikin injin. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen ƙiyasta ruwan da zai malala ita ce wadda hukumar alkinta ƙasa ta Amurka ta ƙirƙiro a shekarun 1950, bisa gwaje-gwajen ƙananan gonakin can, inda ake raba ƙasa rukuni huɗu a ba kowane wuri lamba tsakanin 0 da 100. A wannan tsari rairayi yana rukunin da ke shanye ruwa. Amma a ƙasa mai zafi da ƙarancin ciyawa, dukan ɗigon ruwa kan sa saman ƙasa ya yi ɓawo ya zama fako, ruwa ya dinga gudu a kansa kamar a kan daɓe, ko da ƙarƙashinsa rairayi ne. Wato filin da kwamfuta ta ce ba ya ba da ruwa, sau da yawa shi ne mafi kyawun mazurari. Sai kuma batun nauyi. Yawancin ƙwararrunku suna bin hanyar da masanin lissafi Thomas Saaty ya tsara a shekarun 1970, inda ake gwama ma'aunai biyu-biyu a ba su daraja daga 1 zuwa 9. Lissafin yana iya tabbatar da cewa mai ba da darajar bai yi tufka da warwara ba, amma ba shi da ikon tabbatar da cewa ya yi daidai. Idan wannan ya ba gangara kashi 30 na nauyi, wancan ya ba ta kashi 15, ƙauye ɗaya zai fito kore a hannun ɗaya, ja a hannun ɗayan. Ra'ayin mutum uku ko huɗu ne a ɗakin taro, amma idan ya iso karkara sai a gabatar da shi kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, kuma ba a taɓa nuna wa mutanen lambobin ba.

Akwai wani kuskure da nake ganin ya fi duk waɗannan girma, wato zana taswira ɗaya a kira ta "wuraren da suka dace da tara ruwan sama", kamar dai tara ruwa iri ɗaya ne. Tafki yana son yumɓu mai kauri da zurfi, domin a ƙasa mai zafi rana na iya ɗauke fiye da mita 2 na buɗaɗɗen ruwa a shekara. A ce milimita 7 ke tashi a yini, to cikin wata shida an rasa fiye da mita ɗaya da kwata ba tare da ko akuya ta sa baki ba. Madatsar rairayi irin waɗanda suka yawaita a Machakos da Makueni da Kitui a Kenya kuwa akasin haka take buƙata: rafin da ke kawo yashi mai gautsi, da dutse kusa a ƙarƙashinsa wanda za a kafa katangar a kai. Ruwan yana ɓuya ne a cikin yashin, ya kai kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na girmansa, inda rana ba ta isa gare shi sosai, sauro kuma ba ya samun wurin ƙyanƙyasa. Ramin da ake so ya shayar da rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa yana son ƙasar da ke tsotsewa, wadda ita ce ainihin abin da ya kashe wancan tafki da na ba ku labari. Ramukan shuka da ake kira zai a Burkina Faso, tassa a Nijar, waɗanda marigayi Yacouba Sawadogo ya inganta a Yatenga tun shekarun 1980 har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, suna farfaɗo da fakon da taswira za ta kira matacciyar ƙasa. Jagorar FAO ta 1991 ta ce ba a so a yi irin wannan aiki a gangarar da ta wuce kashi 5 cikin 100, saboda tsada da zaizaya, kuma shawara ce mai kyau ga kunyoyin gona. Amma manoman duwatsun Matmata a Tunisiya sun shafe ƙarnuka suna tare ruwa da ƙasa a cikin kwazazzabai da katangunsu da ake kira jesur, suna raya zaitun a inda waccan ƙa'ida, da an bi ta ido rufe, za ta shafa ja.

Rufin gida kuma ba ya buƙatar gangara ko yumɓu ko rafi. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 40 a inda ake samun milimita 400 yana karɓar lita 16,000, ko an cire kashi 20 cikin 100 na asara saura lita 12,800, wanda zai ɗauki gida mai mutum shida fiye da kwana 100 a kan lita 20 ga kowane mutum a yini. A kan irin wannan lissafi ne shirin tankuna miliyan ɗaya na arewa maso gabashin Brazil ya ginu tun daga 2003, kowane tanki lita 16,000 a gefen gida, haka kuma shirin lardin Gansu na ƙasar Sin na 1995, wanda ya ba kowane gida daɓen tara ruwa ɗaya, ma'ajiya biyu da 'yar gona ɗaya. Babu ƙauyen da ake ruwan sama a cikinsa da ya cancanci a ce bai dace da komai ba. A hamadar Negev ta kudancin Isra'ila, inda ruwan shekara ke kai-kawo wajen milimita 100, mutanen zamanin da sun yi noma ta hanyar janyo malalen tsaunin da ya ninka gonar sau 20 zuwa 30, kuma masanin tsirrai Michael Evenari da abokan aikinsa sun sake gina irin gonakin a Avdat suka ga suna ba da amfani. Launin ja a taswirarku ma'anarsa kawai ita ce dabarar da aka auna ba ta dace da wurin ba, amma a ofishin rabon kuɗi ana karanta shi da cewa mutanen wurin ba su da rabo.

Sai mutane, waɗanda ba su da faifai a cikin kwamfutar. Taswira ba ta san filin wane ne ba, ba ta san ana shari'a a kansa ba, ba ta san maƙabarta ko burtali ba. Na taɓa shimfiɗa wata a gaban wani makiyayi, ya daɗe yana kallonta har ya gane rafi da hanya, sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar koren ya ce, "Malam, nan ne fa kaɗai shanu ke ratsawa zuwa mashaya. In kuka zuba ruwa a nan, gobe lambu zai kewaye shi, mu kuma ta ina za mu bi?" Tafkin da aka kafa a irin wannan wuri rigima ake shukawa, kuma ba ƙwararren da ya zana shi ne zai zauna sulhu ba. Taswira ba ta kuma tambayar waɗanda ke ƙasa da madatsa, masu rijiyoyi da fadamun da wannan malale ke shayarwa, domin duk ruwan da aka tare a sama an hana shi wani a ƙasa. Game da nisa, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi ya ce ruwan sha bai cika sharaɗin farko ba idan zuwa da dawowa, har da jiran layi, ya wuce minti 30. Layin da kwamfuta ta ja miƙe daga gari zuwa tafki ba shi ne tafiyar mace mai ɗauke da lita 20 a ka, goyo a baya, kwazazzabo a tsakani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a harkar ruwa masu ɗakin galibi mata ne, waɗanda ba a cika kiran su taron ba.

Darasin Alwar a jihar Rajasthan ta Indiya ya isa misali. Lokacin da Rajendra Singh, mai fafutukar farfaɗo da ruwa, ya je can a 1985, wani dattijon ƙauyen Gopalpura ne ya karkatar da hankalinsa ga tsofaffin madatsun ƙasa da ake kira johad, mutanen ƙauyuka kuma su ne suka riƙa nuna inda ruwa ke bi, suka sa guminsu a ginin. Cikin kimanin shekara goma kogin Arvari da ya daɗe da ƙafewa ya dawo yana gudu har rani, Singh kuma ya karɓi lambar yabon ruwa ta Stockholm a 2015. Ban kawo wannan don in ce ilimin dattawa ba ya kuskure ba, yana yi, musamman yanzu da damina ta sauya hali. Na kawo shi ne domin mutane sukan kula da abin da aka zaɓi wurinsa da su.

Koke na ƙarshe gajere ne. Da zarar an yanke ƙyalle, babu mai dawowa. Ƙasar da ke ba da malale mai yawa ita ce kuma ke ba da laka mai yawa, sai tafki ya cike cikin 'yan shekaru ba kuɗin yasa. Ana gina madatsa ba mafitar rarar ruwa ta kirki, alhali busasshen kwari na iya kawo ruwan shekara guda a dare ɗaya, kamar yadda duniya ta gani a Derna ta Libiya a Satumbar 2023, inda madatsu biyu suka ɓalle dubban mutane suka hallaka. Tafkin da ba shinge yana cin yara, kwantaccen ruwa kusa da gida yana kawo sauro da tsargiya. Tun da ba a komawa a duba, taswirar ba ta taɓa koyon komai daga kuskurenta, sai a ɗauki nauyin da aka yi amfani da shi a wancan aiki a sake shafa wa wani yanki.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ku mai da taswirar matakin farko na tantancewa, ku rubuta a cikin ƙa'idojinku cewa ba za a ba da kwangilar haƙa ko gini ba sai an je wurin, an auna tsayin ƙasa da na'urar safiyo, an haƙa ramin gwaji har zurfin da ma'ajiyar za ta kai, an kuma ga wurin aƙalla sau ɗaya cikin damina ruwa na gudu. Ku ba injiniyan da ke fili da jama'ar gari ikon gusar da wuri idan gwaji ya nuna haka, ba tare da an ɗauke shi a matsayin saɓa kwangila ba.

Kafin ku yarda da kowace sabuwar taswira, ku gwada ta a kan abin da ke akwai. Ku ƙirga tafkuna da madatsun da aka riga aka gina a yankin, rayayyu da matattu, ku ɗora su a kanta. Idan rayayyun sun faɗa cikin ja, matattun cikin kore, to a mayar da ita ga mai ita. Wannan ba aiki ne mai tsada ba, domin hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da suka faro daga 1972 kyauta ne tun 2008, na Sentinel-2 da aka fara harbawa a 2015 kuma suna nuna fili har ɗigon mita 10 kusan duk bayan kwana biyar, kuma da su ana iya ganin inda ruwa ya kwanta da gaske da watan da ya ƙafe, shekara bayan shekara.

Ku raba taswira bisa dabara da kuma buƙata: ta tafki daban, ta madatsar rairayi daban, ta shayar da rijiyoyi daban, ta gona daban, ta rufin gida daban, a kuma fayyace ko ruwan sha ake nema, ko na dabbobi, ko na shuka. Duk ƙauyen da bai dace da ɗaya ba a gaya masa wadda ta dace da shi. Ku yi lissafin girman ma'ajiya da ruwan shekarar fari, girman mafitar rara kuma da ruwan shekarar ambaliya.

Ku buɗe littafin. Ku wallafa bayanan da aka yi amfani da su da shekarunsu, da nauyin da aka ba kowane ma'auni da dalilinsa, a kuma nuna yadda launin ke sauyawa idan an sauya nauyin. A buga taswirar kowane yanki a babbar takarda da harshen mutanen wurin, da sunayen rafuka da tuddai kamar yadda suke kiran su, a zauna da manoma, a zauna da makiyaya ko da sai an bi su mashaya, a zauna da mata a zama nasu na daban, a gayyato na ƙasa da madatsa, kuma abin da suka zana na burtali da filin rigima da tsohuwar hanyar ambaliya ya shiga kwamfutar a matsayin faifai mai cikakken nauyi.

Ku raba ma'aunin ruwan sama mai sauƙi ga makarantu da ofisoshin gona, a riƙa rubuta abin da ya sauka kowace safiya ana turo muku ta waya, domin cikin 'yan shekaru za ku mallaki bayanin da babu tauraron da zai ba ku. Ku ware kuɗin yasa da gyara da shinge tun a kasafin farko, ku kuma wajabta komawa kowane wuri a ƙarshen rani na shekara ta ɗaya da ta uku da ta biyar, a rubuta ko da ruwa ko babu, a wallafa sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Tun da ramukan gwaji da zaman jama'a aikin rani ne, ganin malale kuma aikin damina, muna roƙon a dakatar da sababbin kwangilolin da aka gina a kan launi kaɗai har wannan zagaye ya cika, domin jinkirin shekara ɗaya ya fi sauƙi a kan mutane bisa ramin da za su shekara ashirin suna kewayewa.

A nawa ɓangaren, ina riƙe da jerin tafkunan da na san sun mutu da dalilin mutuwar kowanne, kuma a shirye nake in raka duk injiniyan da kuka turo. Zan fara kai shi wancan rami mai gindin rairayi, daga nan mu zaga ɗaya gefen garin ya ga kwarin da tsohuwar ta nuna, wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa har shigowar sanyi, kuma har yau ja ne a taswirarku.

Naku cikin girmamawa,

Wani tsohon malamin gona,
a madadin manoma da makiyaya da masu ɗibar ruwa na busassun yankunan karkara.